Buri Da Aljihun Gwamnati: Katsina United Da Cinikin 'Yan Wasa A Bakin Iyaka

A gidajen kallon ƙwallo na Daddara da Jibiya, muhawarar da ake tafkawa kan dokokin kuɗi na ƙungiyoyin Turai muhawara ce ta masana. Matashin da bai taɓa shiga filin wasa na Muhammadu Dikko ba zai zayyana maka dalilin da ya sa aka zabge wa Everton maki 10 a Nuwamban 2023, da yadda ɗaukaka ƙara ya mayar da su 6, da kuma maki 4 da Nottingham Forest ta rasa a Maris na 2024. Tambaye shi nawa Katsina United ta samu a kakar bara, nawa kuma ta kashe, sai bakinsa ya mutu. Laifin ba nasa ba ne, domin ƙungiyoyinmu ba su saba buga asusunsu jama'a su gani ba. Da'awar wannan maƙala ita ce, ƙungiyar Arewa mai burin kofi ba ta da wata hanyar kuɗi da za ta iya bunƙasa da gaske sai ta 'yan wasa, kuma wannan hanya ba ta buɗuwa sai da takarda: rajistar yaro, kwantiragin babba, da asusun da aka bincika.

Dokokin Turai an kafa su ne domin a yi wa mai kuɗi linzami. Hukumar UEFA ta amince da tsarin daidaita kashewa da samu a 2010, ta sauya shi a 2022 da wani wanda ke rage abin da ƙungiya za ta zuba a albashi da sayen 'yan wasa da ladan dillalai, mataki-mataki, har ya tsaya a kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigarta. A Ingila kuwa, dokar da ta ci Everton da Forest ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara 3. Newcastle United ce ta fi nuna yadda abin ke cizo. Asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayenta a Oktoban 2021, ta zama ƙungiyar da masu ita suka fi kowa ƙarfin aljihu, amma a ƙarshen Yunin 2024 sai ga ta tana rige-rigen sayar da Elliot Anderson ga Nottingham Forest, da Yankuba Minteh ɗan Gambiya ga Brighton, don kada lissafin shekarar ya rufe da giɓi. Dalilin yana cikin yadda akantoci ke rubuta ciniki. Kuɗin da aka sayi ɗan wasa ana rarraba shi a kan shekarun kwantiraginsa, kuɗin da aka sayar da shi kuwa ana rubuta shi nan take. Yaron da ƙungiya ta raina da kanta, irin Anderson, ba a saye shi ba, saboda haka duk abin da aka biya a kansa riba ce tsantsa.

Masu son a kwaso wannan doka a dasa a gasar Najeriya sun kama reshe sun bar tushe. Ciwonmu ba na attajirin da ke watsa kuɗi ba ne. Mafi yawan ƙungiyoyi 20 na babbar gasar ƙasar nan mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma abin da suke kira kuɗin shiga tallafi ne da ke fitowa daga baitulmali, idan ya fito. Idan aka ce wa irin wannan ƙungiya kada ta kashe fiye da kashi 70 na abin da ta samu da guminta, an rufe ta ke nan. Haka abin yake a tsallaken iyaka, a Nijar, sai dai can kaki ne ke riƙe da ƙwallo: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta askarawan ƙasa, AS Douanes ta kwastam, AS Police ta 'yan sanda, kusan duk a Yamai, yayin da ƙungiyoyin Maraɗi irin Ɗan Kasawa ke fama da abin da ya sawwaƙa.

Tarihin Katsina United ya isa shaida. Ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau 3 a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta ɗauka ba ko sau ɗaya. Daga nan ta daɗe a ƙananan rukunai, ta dawo babbar gasa a kakar 2017, ta faɗi a 2022, ta sake hawa a 2023. Ƙungiyar da ke da taskarta takan yi rauni ta farfaɗo a hankali. Wadda ke jiran sa hannun gwamna kuwa, ƙarfinta na tafiya ne da sha'awar wanda ke kan kujera, kuma sha'awa ba ta da wa'adi.

To ina kuɗin da ba na gwamnati ba? Kyautar zakara ta ƙaru: Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 a 2023, Rangers miliyan 150 a 2024, Remo Stars miliyan 200 a 2025. Amma ƙungiya ɗaya ce ke ɗauka, kuma ko ita, idan aka cire albashin kaka guda da kuɗin tafiye-tafiye 19 zuwa irin su Aba da Fatakwal da Ikenne, da masauki da abinci, abin da zai saura bai taka kara ya karya ba. Kuɗin talabijin da na masu tallace-tallace har yanzu ƙanana ne. Kuɗin ƙofa shi ne Arewa ta fi Kudu a kansa, domin Kano da Katsina na cika fili, sai dai kuɗi ne mai saurin zubewa. A Afrilun 2022 rikici ya ɓarke a wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta cire mata maki, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen kakar, ƙungiyoyin biyu suka faɗi tare. Fushin rana ɗaya na iya cinye kuɗin ƙofar wata da watanni.

Saura 'yan wasa, kuma a nan ne dokar duniya ke tare da talaka, in ya san ta. Ƙa'idojin FIFA sun tanadi haƙƙi iri biyu ga ƙungiyar da ta raini yaro. Na farko diyyar horo, wadda ake lissafawa kan shekarun da yaro ya yi a hannunta tsakanin 12 da 21, ana biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce 23. Na biyu, wanda ya fi tsoka, kashi 5 cikin 100 ne na duk kuɗin da aka sayi ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka riƙe shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana cin rubu'in kashi ɗaya na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana cin rabin kashi. Tun 2020 ma, ko cinikin tsakanin ƙungiyoyin ƙasa ɗaya ne, muddin wadda ta raini yaron tana wata ƙasa daban, sai an ba ta nata. Wato cinikin Minteh daga Newcastle zuwa Brighton yana da rabon da doka ta ware wa waɗanda suka raine shi a Gambiya.

Bari mu buga lissafi. A ce yaro ya yi rajista da ƙungiya a jihar Katsina daga shekara 12 zuwa 17, daga baya wata ƙungiyar Turai ta sayar da shi ga wata a kan yuro miliyan 10. Rabon Katsina kashi 2 ne, yuro 200,000. A canjin da ya haura naira 1,500 kan yuro ɗaya, kuɗin sun zarce naira miliyan 300, wato sun fi kyautar zakaran Najeriya ta 2025. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba; duk lokacin da aka sake sayar da shi, haƙƙin na nan. Hanyar Ahmed Musa ta nuna inda kuɗin suke taruwa. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, CSKA Mosko a 2012, sannan Leicester City ta saye shi a 2016 kan kusan fam miliyan 16. Cinikin farko galibi shi ne mafi arha. Ƙungiyar da ta karɓi na farko ta tafa hannu, ba ta sa sharaɗin kaso a ciniki na gaba ba, ba ta kuma adana shaidar shekarun da ta raini yaro ba, ta sayar da gonarta ne a kan kuɗin amfanin shekara ɗaya.

Nan ne Daddara ta shigo. Mutumin da ke zaune kan hanyar Katsina zuwa Jibiya ba ya buƙatar a koya masa bambancin kayan da suka bi ta mashigar iyaka ta Magama da takarda da waɗanda suka bi ta daji: duka biyun suna isa kasuwa, amma na biyun ɗan fasa-ƙwauri kaɗai ke cin ribarsu. Yaranmu masu ƙafa ta hanyar daji suke fita. Kocin unguwa zai riƙe yaro shekara biyar, ya saya masa takalmi daga aljihunsa, ƙungiyar ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, sunan yaron ba ya cikin kowace na'ura. Ran da dillali ya hango shi, sai a rubuta shi a wata makarantar ƙwallo ta Abuja ko Legas, tarihin nasa ya fara daga can. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin raba waɗannan haƙƙoƙi a Faris, yana aiki da fasfo ɗin ɗan wasa na kwamfuta, wanda ke jera ƙungiyoyin da suka yi masa rajista tun yana 12. Wanda sunansa bai fito a fasfon ba, ko shi ya koya wa yaron tsayar da ƙwallo, ba shi da sisi. Rage shekaru, da muka mayar wasa, shi ma asara ce ta kuɗi: wanda aka yanke wa shekara huɗu an goge shekarun da ya yi a gida, an miƙa su ga wanda ya rubuta sabuwar takardar haihuwa.

Akwai kuma wata dama da Katsina ke da ita wadda Enugu ko Jos ba su da ita. Sashe na 19 na ƙa'idojin FIFA ya haramta kai yaro ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, amma ya yi togaciya ga mazauna iyaka: idan gidan yaron bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ƙungiyar ma haka, tsakaninsu bai wuce kilomita 100 ba, yaron na ci gaba da zama a gidansu, hukumomin ƙasashen biyu kuma sun amince, to rajista ta halatta. Birnin Katsina na cikin wannan tazara, haka Ɗan Isa da Madarumfa a ɗaya ɓangaren. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne. Reshen horo a Daddara ko Jibiya zai iya haɗa yaran ɓangarorin biyu bisa doka. Ba a raina cikas ɗin ba: an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024, ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙaramar hukumar Jibiya. Duk da haka, littafin rajista da jami'i ɗaya mai kwamfuta ba su kai kuɗin sa hannun ɗan wasan gaba guda ba.

Ga manya kuwa, matsalar kwantiragi ce. An saba ɗaukar ɗan wasa na kaka ɗaya, a sallami rabin ƙungiya idan kaka ta ƙare, a kwaso wasu. Wanda kwantiraginsa ya ƙare ba a sayar da shi, tafiya yake yi kyauta. Wanda kuma aka riƙe wa albashi na wata 2, dokar FIFA ta 2018 ta ba shi damar ya ba da wa'adin kwana 15, in ba a biya ba ya kama gabansa. Saboda haka jinkirin fitar da tallafi daga ma'aikata ya wuce zalunci ga ma'aikaci, barazana ce ga kadarar ƙungiya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, albashin da ake biya da sefa ko dala ya ƙara jan hankali, sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Ɗan wasan da ba a ɗaure da kwantiragi mai tsawo ba ba shi da dalilin zama.

Za a ce wannan mayar da ƙungiya kanti ne, alhali 'yan kallo kofi suke so. Remo Stars ta amsa wannan. Mai ita, Kunle Soname, ya gina makarantar horo ta Beyond Limits a Ikenne, ya sayi kaso mafi rinjaye a ƙungiyar Feirense ta Fotugal a 2015, ya daɗe yana fitar da yara, kuma ƙungiyar ta ɗauki kofin gasa a 2025. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na amana: idan yuro 200,000 suka shigo ƙungiyar gwamnati, wa zai san sun shigo? Shugabannin da ake naɗawa a sauke da sanarwa ɗaya ba su da dalilin shuka abin da sai bayan shekara takwas zai yi 'ya'ya, kuma kuɗin da ba a rubuta ba ba a tambayar inda ya shiga. Wannan ƙorafi gaskiya ne, shi ya sa dokar da ta dace da mu ita ce ta bayyana asusu da hana bashin albashi, waɗanda dama suna cikin sharuɗɗan lasisin CAF, ba ta ƙayyade kashewa ba. Ƙayyadewa za ta shaƙe 'yan kasuwa da masu hali da suka fara shigowa, irin Barau FC ta Kano da ta hau babbar gasa a 2025, tun ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Majalisar Dokokin Jihar Katsina ce ke amincewa da kasafin da ƙungiyar ke ci daga ciki, saboda haka ita ce ke da hurumin gindaya sharaɗi. Kafin ta amince da tallafin shekara mai zuwa, ta nemi a ajiye mata asusun bara da mai bincike mai zaman kansa ya sa wa hannu, da sunayen 'yan wasa da ranar da kwantiragin kowannensu zai ƙare, da adadin yaran Jibiya da Kaita da Batsari 'yan ƙasa da 16 da aka shigar a na'urar rajista ta hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.