Wutsiyar Porsche 911: Shekara Hamsin Ana Lallashinta

A tsakiyar shekarun 1960, masu sabuwar Porsche 911 sun riƙa komawa wurin dillalai da kuka iri ɗaya: hancin motar ya yi sakayau, ba ya zama a kan titi, idan kuma aka shiga kwana da gudu sai bayanta ya nemi ya riga gabanta fita. Maganin farko da kamfanin ya kawo zai ba kowane bakanike dariya. Dunƙulen ƙarfe biyu aka samo, kowanne kilo 11, aka ɓoye su a gefunan bambar gaba don su danne hancin. Injiniyoyin Jamus, da ake yi wa kirari da ƙwarewa, sun yi abin da direban akori-kura ke yi idan ya ɗora buhun yashi don motarsa ta daina rawa.

Tushen matsalar gado ne. Ferdinand Porsche ne ya zana Volkswagen Beetle, wadda injinta ke can baya, bayan tayoyi. Ɗansa Ferry ya gina Porsche 356 a 1948 a kan wannan tsari, har da irin ƙafar baya ta Beetle, inda kowace taya ke maƙale da sanda mai gaɓa ɗaya tak a kusa da tsakiyar mota. Da zarar mota ta karkata a kwana, sai bayanta ya ɗaga, tayar waje ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, ta koma taka ƙasa da gefenta. Ba Porsche kaɗai ta sha wannan ba. Mercedes 300 SL ta 1954, mai ƙofofi kamar fukafukai, ta yi suna wajen ba direbobi tsoro, sai a 1957 aka sauke gaɓar ƙasa. A Amurka kuwa, Chevrolet Corvair ce ta jawo wa kanta babin farko a littafin lauya Ralph Nader na 1965, Unsafe at Any Speed, duk da cewa a shekarar General Motors ya riga ya sauya mata ƙafar baya gaba ɗaya.

Lokacin da aka nuna sabuwar motar Porsche a baje kolin Frankfurt na 1963, sunanta 901. Peugeot ta Faransa ta ce lambobi uku masu sifili a tsakiya nata ne, irin su 404 da 504 da aka sani a titunan Kaduna, don haka aka mayar da ita 911. An yar da tsohuwar ƙafar Beetle. Kowace tayar baya ta samu hannun ƙarfe nata, mai tasowa daga gaba a ɗan karkace, sannan maimakon sifirin mai naɗi aka sa sandar ƙarfe da ke murɗewa idan taya ta hau tudu. Ci gaba ne, amma injin mai silinda shida yana nan rataye a baya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kan tayoyin baya yake.

Ga abin da ke faruwa. Direba ya shiga kwana, ya ga gudun ya yi yawa, ransa ya ce ya ɗaga ƙafa daga totur. Yana ɗagawa nauyi ya zube gaba, tayoyin baya su rage riƙo. A daidai lokacin, robobin da ke gaɓoɓin hannun ƙarfen sukan ɗan lotsa, tayar waje ta buɗe baki zuwa waje, wato ta taya wutsiyar juyawa. Sauran aikin nauyin inji ne, kamar guduma da aka wulwula. Abin da ƙwararru suka koya ya saɓa wa tunanin mai tsoro: a rage gudu tun kafin kwana, a ciki kuma kada a saki totur.

Gyara ya zo da kaɗan-kaɗan. A 1968 aka matsar da tayoyin baya da milimita 57 ba tare da an taɓa mazaunin inji ba, aka kuma raba batir gida biyu a gaba, ya maye gurbin dunƙulen ƙarfen nan. Carrera RS ta 1973 ta zo da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, da ɗan fiffike a murfin inji mai kama da jelar agwagwa, don iska ta daina ɗaga bayan. Sai dai duk abin da aka samu, ƙarfin inji ya cinye. 911 ta farko dawaki 130 gare ta. Turbo ta 1975 ta zo da 260, kuma ƙarfin nata ba a hankali yake zuwa ba, sai ya yi shiru sannan ya faɗo gaba ɗaya, wani lokaci a tsakiyar kwana. Daga nan ta samu laƙabin da har yau bai bar ta ba, mai mayar da mata zawarawa.

Shugaban kamfanin na lokacin, Ernst Fuhrmann, ya ga cewa ciwon ba ya warkewa sai an sauya gida. A 1977 aka fito da 928, inji a gaba, da nufin ta gaji 911. A jikinta ne injiniyoyin cibiyar gwaji ta Weissach suka yi dabarar da ta fi kowace tasiri a wannan tarihi. Tun da roba dole ta lotsa, suka ce, to a tsara gaɓar yadda lotsawar za ta juya tayar zuwa ciki maimakon waje. Direba ya saki totur, ƙafar baya da kanta ta kama wutsiyar. An ba 928 kambun motar shekara ta Turai a 1978, amma masu saye ba su saki 911 ba. Peter Schutz, wanda ya karɓi shugabanci a 1981, ya soke shirin binne ta, kuma 928 ce ta riga ta kwanta dama, a 1995.

Abin mamaki shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin darasin Weissach ya iso gida sosai. Mercedes ta riga ta nuna hanya a 1982 da ƙaramar 190, inda sanduna biyar ke riƙe kowace tayar baya, kowace da aikinta. Irin ƙafar ce a ƙarƙashin Marsandin da ’yan Najeriya ke kira V-boot. Porsche ta sa sifirin mai naɗi a samfurin 911 mai lamba 964 a 1989, amma sai a 1993, da samfurin 993, ta watsar da tsohon hannun ƙarfen bayan shekara 30. Aka ɗora sanduna da yawa a kan firam na alminiyam, aka tsara su yadda tayar waje ke ɗan juyowa ciki idan kwana ta matse ta. Mutane sun fi tuna 993 da cewa ita ce ta ƙarshe mai injin da iska ke sanyayawa. A ganin mai tuƙi, ƙafar bayanta ce babban labari.

Masu tsofaffin 911 ba su zauna jiran kamfani ba. Har yau akwai garejin da sana’arsu ke nan a Turai da Amurka: a sa sandar murɗawa mai kauri, a ƙara sandar hana karkata, a cire tsohuwar roba a sa mai tauri, a ɗaura shokazoba irin ta Bilstein, sannan a zauna a daidaita bakin tayoyi da ma’auni. Wanda ya zarce ya taurara baya fiye da gaba yakan tarar ya dawo da halin da ya biya kuɗi don ya kora.

A 2013, a samfurin 911 GT3, an miƙa abin da roba ke yi a ɓoye ga kwamfuta da ƙananan injinan lantarki biyu. Ƙasa da gudun kilomita 50 a awa, tayoyin baya suna juyawa saɓanin na gaba, har zuwa digiri 1.5, don mota ta yi kwana a ƙaramin fili. Sama da kilomita 80, sai su bi inda na gaba suka nufa. Shekara huɗu bayan haka, a watan Mayun 2017, 911 ta miliyan ɗaya ta fito daga masana’antar Zuffenhausen da ke Stuttgart, koriya, injinta a bayan tayoyin baya.