Yadda "Hello" Da "OK" Suka Samu Gindin Zama

Baturen farkon ƙarni na 19 ba ya gaida mutum da "hello". In ya gamu da wanda ya sani, barka da safiya ko barka da yamma zai yi masa irin tasu, ko ya tambayi lafiyarsa, ya ɗan taɓa malafa ya wuce. Wanda bai sani ba kuwa, a tsakanin masu ji da kansu a Ingila, ba a tanka masa sai wani ya gabatar da shi. Kalmar tana nan, amma ta kira ce. Da ita ake ƙwala wa na nesa kira, da ita mafarauta ke zuga karnuka, da ita kuma ake nuna mamaki. Rubutunta ma bai zauna wuri ɗaya ba, wani ya rubuta "hallo", wani "hullo", wani "hollo".

Wayar tarho ce ta ɗaga darajarta. A shekarar 1876 Alexander Graham Bell ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira a Amurka, sai ga wata matsala da babu wanda ya shirya mata. Ka ɗauki kan waya, ba ka ganin mai magana. Ba ka san ko dattijo ne ko yaro ba, attajiri ko ɗan aikensa, mace ko namiji. Duk ladubban gaisuwar da aka gada sun dogara ne da ido ya ga ido. To, da me za a buɗe baki?

Shi Bell "ahoy" ya zaɓa, kiran da matuƙan jirgin ruwa ke yi wa juna a teku, kuma ya riƙe abinsa har ƙarshen rayuwarsa. Thomas Edison, wanda ke gyara na'urar don murya ta fita sosai, yana da nasa ra'ayin. A watan Agusta na 1877 ya rubuta wa shugaban wani kamfanin wayar tangaraho da ke Pittsburgh wasiƙa, ya ce a ganinsa ba a bukatar ƙararrawa, domin in an ce "hello" za a jiyo daga nisan ƙafa 10 zuwa 20. Wato shi ma ba gaisuwa yake nema ba, abin da zai maye gurbin ƙararrawa yake nema. Ƙararrawar dai ta zo daga baya ta zauna, amma kalmarsa ba ta tashi ba.

Waɗanda suka kafa ta a bakin jama'a su ne ma'aikatan ɗakin haɗa waya. A lokacin ba ka buga lamba da kanka. Za ka ɗaga waya, wani a can ya amsa, ka faɗi wanda kake nema, shi kuma ya zare igiya daga wannan rami ya cusa a wancan. Da fari samari aka ɗauka, aka tarar ba su da haƙuri da mutane, ga tsiwa. A watan Satumba na 1878 aka ɗauki Emma Nutt a Boston, mace ta farko a wannan aiki, ba da jimawa ba aikin ya koma hannun mata. Daga safe har dare kalma ɗaya suke maimaitawa, har ta zame musu laƙabi, ana kiransu 'yan matan "hello". A 1918 rundunar sojan Amurka ta kai sama da 200 daga cikinsu Faransa su haɗa waya a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ganina abin da ya ba kalmar nasara shi ne rashin nauyinta: ba ta da safe ba ta da yamma, ba ta san babba ba balle yaro. Da ta saba da waya, sai ta sauko titi.

Labarin "OK" ya girmi wannan, kuma raha ce ta haife shi. A ƙarshen shekarun 1830 'yan jaridar Boston sun tsiro da wani yayi na taƙaita magana zuwa haruffan farko, kuma don ƙarin daɗi sai su ɓata rubutun da gangan tukuna. A ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a matsayin taƙaitawar "all correct", wato komai daidai, amma bisa gurɓataccen rubutu, "oll korrect". Irin waɗannan taƙaitawa suna da yawa a lokacin, kuma kusan dukkansu sun mutu tare da yayin.

Siyasa ce ta ceci wannan. A zaɓen 1840 shugaba Martin Van Buren na neman zarcewa. Ɗan garin Kinderhook ne a jihar New York, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook", sai magoya bayansa suka ga haruffan sun zo daidai, suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. 'Yan adawa ba su zauna ba, suka baza cewa ai tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren, shi ya fara rubuta haruffan saboda bai iya haɗa baƙi ba. Sharrin siyasa ne, amma ya ƙara watsa kalmar. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, haruffan biyu kuwa suka ci gaba da tafiya. Da tangaraho ya bazu bayan 1844, masu buga saƙo suka same su da sauƙin aikawa don nuna cewa saƙo ya iso, akawu kuma ya riƙa dangwala su a gefen takardar da ya duba.

Kafin a yi nisa an manta da asalin, kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce daga harshen Choctaw ne, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, har shugaba Woodrow Wilson ya riƙa rubuta "okeh" a kan takardu saboda ya yarda da haka. Wasu suka kai ta Girka, wasu suka jingina ta da harshen Wolof na Senegal ta hanyar bayin da aka kwasa. Sai a 1963 da 1964 Allen Walker Read, malami a Jami'ar Columbia, ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa jerin maƙaloli a mujallar American Speech da suka maido da zancen Boston. Manyan ƙamusoshin Ingilishi bayaninsa suke bi a yau, ko da yake masu ra'ayin Choctaw da Wolof ba su ajiye makamansu ba.