Auna Hayaƙin Masana'antun Ƙarfe: Daga Ido Zuwa Sikeli

Tarihin auna hayaƙin masana'antu ya faro ne daga idon ɗan Adam. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniya Bafaranshe, Maximilien Ringelmann, ya zana katuna masu baƙaƙen layuka, daga lamba 0, watau fari fat, zuwa lamba 5, baƙi ƙirin. Ma'aikaci yakan kafa katin can nesa har layukan su saje, sa'an nan ya kwatanta shi da hayaƙin da ke tashi daga bututu. Biranen Amurka da dama a kan wannan kati suka gina dokokinsu. Illarsa ita ce duhu kaɗai yake nunawa, alhali kuwa iskar farar wuta, wadda ke shaƙe ƙirji, ba ta da launi.

A ƙarshen Oktoba 1948 iska ta tsaya cik a garin Donora na jihar Pensilbaniya. Hazo ya rufe kwarin kogin Monongahela kwana biyar, hayaƙin masana'antar ƙarfe da ta tutiya ya rasa mafita. Mutum 20 suka rasu, wajen 6,000 cikin mazauna 14,000 suka kamu da ciwo. Masu binciken gwamnatin tarayya sun iso bayan gari ya washe, rahotonsu na 1949 kuwa bai iya ɗora laifin a kan guba guda ba. Ga gawawwaki, amma hujjar da za a kama kamfani da ita ta bi iska.

Sai a 1971, bayan dokar tsabtar iska ta 1970, hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da abin da ta kira Hanya ta 5. Ana zura bututun awo cikin bututun hayaƙi, a zuƙo hayaƙin ta cikin matata, a ɗora ƙurar da ta maƙale a sikeli. Sharaɗin shi ne a zuƙa daidai da gudun hayaƙin. In an yi sanyin zuƙa, manyan ƙwayoyin ƙura sukan kutso fiye da rabonsu, awo ya haura gaskiya. In an yi gaggawa, ya gaza, kuma kowa ya san wanda wannan zai yi wa daɗi.

Amma fa wani kaso na ƙazantar tandunan gasa kwal ba ta bin bututu, ta bakin ƙofofi take yoyo. Don haka a 1993 aka kafa Hanya ta 303: ma'aikaci mai takardar shaida ya bi jerin tandunan da ƙafa, yana ƙirga ƙofofin da ke fitar da hayaƙi ɗaya bayan ɗaya.