Komawa kan babur bayan shekaru: yadda ake zaɓen wanda ya dace

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a biranen Arewa, kuma zuwa watan Oktoba na 2024 ta taɓa naira 1,000 a gidajen man NNPC. Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa da dama sun jingine motocinsu, suka koma kan abin hawan da suka yi sallama da shi tun suna samari. Lissafin a fili yake. Mutumin da ke tafiyar kilomita 20 kullum, kwana 26 a wata, zai ƙona lita 52 a motar da ke cin kilomita 10 da lita ɗaya, alhali ƙaramin babur mai cin kilomita 45 zai kai shi ƙarshen wata da lita 12.

Akwai kuma waɗanda doka ce ta sauke su daga babur. An hana achaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, lokacin Nasir el-Rufa'i yana minista. Gwamnatin Borno ta hana hawan babur a Maiduguri a watan Yulin 2011 saboda hare-haren Boko Haram, Yobe ta bi sahu a 2012, sai a 2022 gwamnatin Mai Mala Buni ta fara sassautawa. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Jamhuriyar Nijar ma an hana babur a jihar Diffa a 2015. Ke nan akwai garuruwan da mutane suka shafe shekara goma ba su taɓa kan babur ba, kuma zaɓin da ke gabansu yanzu ya bambanta da na sabon ɗan koyo.

Abin da jiki ke tunawa da abin da yake mantawa

Jiki ba ya manta daidaita kai a kan taya biyu. Wanda ya iya babur yana da shekara 20 zai hau yana da 45 ya tafi sumul, kuma wannan ne yake ruɗar mutane. Abin da ke dushewa shi ne abin da ake buƙata a cikin daƙiƙa ɗaya: kama burki da ƙarfi ba tare da taya ta ƙulle ba, kauce wa rami ko yaron da ya faɗo titi, da karantar niyyar direban da ke gaba. Hukumomin kiyaye haɗurra a Ingila da Ostareliya sun daɗe suna jan hankalin magidanta masu komawa babur, domin sukan dawo da kuɗin sayen babban inji amma da hannun da ya yi sanyi.

Tuƙin mota ma yana barin ɗabi'ar da ke cutarwa. Direba ya saba idan abu ya taso ya danna ƙafar dama. A babur, ƙafar dama burkin baya take takawa, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa yana burkin gaba, wanda hannun dama ke kamawa. Wanda ya danne na baya shi kaɗai a kan yashi ko bayan ruwan sama, tayar za ta ja ƙasa, babur ya juya da shi. Tsohuwar maganar 'yan achaɓa cewa burkin gaba kayar da mutum yake yi tana da rabin gaskiya: yana kayarwa idan an fizge shi lokaci guda, musamman a kwana. Matsa shi ake yi a hankali, ana ƙara ƙarfi.

Titin ma ba wanda aka bari ba ne. Adaidaita sahu, wadda aka shigo da ita Kano a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta cika gurbin achaɓa bayan 2013, kuma juyawarta ba zato ba tsammani tana cikin manyan abubuwan da mai babur ke fama da su. Gadojin sama da na ƙasa sun ƙara wa motoci gudu a wuraren da da ake tafiya a hankali.

Girman inji da nauyi

Ana auna girman inji da sisi, kuma yawancin baburan kasuwar Najeriya suna tsakanin sisi 100 zuwa 200. Ga mai zirga-zirgar cikin gari shi kaɗai ko da mutum ɗaya a baya, sisi 100 zuwa 125 ya wadatar. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa a cikin gari, gudun da kowane ƙaramin inji ke kaiwa ba tare da wahala ba. Mai sisi 150 yana da amfani ga wanda ke bin hanyar ƙauye da buhuna ko yake hawa tudu, sai dai ya fi shan mai. Manyan baburan gudu, waɗanda nauyinsu ke kaiwa kilo 200, ba su dace da mai dawowa ba ko da yana da hali. Murɗa totur kaɗan kan sa su zabura, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka huɗu.

Nauyi da tsayin kujera sun fi adon fenti muhimmanci. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya zauna ya ga ko ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa, ya tura babur ɗin baya da ƙafa, ya ɗora shi a kan jaki, ya kwantar da shi kaɗan ya ɗago. Irin su Boxer nauyinsu ya ɗan haura kilo 100. Wanda gwiwa ko baya suka fara yi masa ciwo ya nemi mai tashi da maɓalli, kada ya dogara da kik kaɗai, domin babur yakan mutu a tsakiyar mahaɗa.

Nau'o'in da ke kasuwa

Wanda ya bar babur a farkon shekarun 2000 ya bar zamanin Suzuki da Jincheng AX100, masu inji mai bugu biyu, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur suna tiri da hayaƙi. Kasuwar yau ta inji mai bugu huɗu ce. Baƙin mansa yana zama a cikin inji, ana juye shi lokaci zuwa lokaci, fetur kaɗan yake sha, kuma idan aka saki totur yana rage gudu da kansa fiye da na da. Tsarin giya ma ya bambanta. A wasu duk giyoyin gefe ɗaya ake takawa, a wasu ta farko ƙasa sauran sama. Ƙafar da ta saba da wani tsari takan koma masa a lokacin ruɗewa, don haka a tambaya kafin a biya kuɗi.

Baburan Indiya ne suka mamaye aikin ƙarfi: Bajaj Boxer da TVS HLX da Hero Hunter. Doguwar kujera gare su, suna jure ramuka, kuma Boxer musamman babu ƙauyen da za a rasa bakanikensa. Honda, wanda ke da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, yana haɗa samfurin Ace, kuma masu shi na yabon ƙarkonsa. Daga Sin ake kawo Haojue da Lifan da Jincheng da Qlink da wasu sunaye barkatai da ke bayyana su ɓace, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne.

Roba-roba, wanda wasu ke rainawa suna cewa na mata ne ko na tsofaffi, shi ne a gaskiya ya fi dacewa da yawancin masu dawowa da ba sa fita wajen gari. Ba shi da kulocin hannu, ba shi da nauyi, kuma tsakiyarsa a buɗe take, mai babbar riga ko doguwar taguwa zai hau ba sai ya ɗaga ƙafa ta baya ba. Rauninsa yana wajen kaya masu nauyi da doguwar hanya mara kwalta, kuma robobin jikinsa kan fashe idan ya faɗi.

Baburan lantarki sun fara yawa tun bayan tashin fetur. Ba giya, ba baƙin mai, ba ƙara. Amma rabin darajar babur ɗin tana cikin batirinsa. Mai batirin dalma ya fi araha, ya fi nauyi, kuma ya fi saurin mutuwa a zafin bazara, na litiyam ya fi daɗewa da tsada. Nisan da mai sayarwa ke faɗa na sabon batir ne a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da mutum ɗaya. Wanda unguwarsa ke kwana biyu ba wuta, kuma ba shi da sola, ya yi lissafi da kyau. Rashin ƙarar ma yana da illa a titin da masu tafiya a ƙasa suka fi dogara da kunne.

A kowane nau'i, tambayar da ta fi raba gardama ita ce kayan gyara. Yawancinsu daga Nnewi ta jihar Anambra da Legas suke hawowa zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin a je wurin dila, gara a fara zuwa wurin bakaniken unguwa a tambaye shi wane babur ne ake samun filoginsa da sarƙarsa da fatar burkinsa a kusa. Shi ba ya da abin sayarwa, kuma ya san wanda ke yawan kwana a rumfarsa.

Sabo, na hannu, ko tsohon da ke zaure

Faɗuwar darajar naira bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ta sa sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, abin da ya tura mutane da yawa kasuwar na hannu. A nan a je da bakanike, a kuma nemi a tayar da injin yana sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana ɓoye lahani. Shuɗin hayaƙi daga salansar inji mai bugu huɗu alama ce yana ƙona baƙin mai. Haƙoran da sarƙa ke bi idan sun yi tsini sun gama aiki. Babur ɗin da ke ja gefe ɗaya idan an sassauta hannu, ko wanda aka yi wa walda a wuya, ya taɓa yin mummunan karo. Wanda ya yi achaɓa shekara biyu ya fi na ma'aikaci mai shekara shida tsufa, komai sabon fentinsa.

Takardu sun fi inji haɗari. Lambar inji da ta shasi dole su dace da abin da ke rubuce a rasit, kuma lambar da aka goge ko aka sake bugawa dalili ne na fasa ciniki nan take. Satar babur ta yi yawa, kuma a yankunan da 'yan bindiga ke amfani da shi, babur mara takarda yana iya jefa mai shi cikin tuhumar da ta fi ta sata. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Tsohon babur da ya shekara a zaure yana buƙatar fiye da wanki. Fetur ɗin da ya kwanta yana daskarewa ya toshe kafireta, tanki yana tsatsa, batir ya mutu, wayoyin burki su ƙage. Taya kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida, ko ta fara tsagewa, a sauya ta ko da zanenta bai goge ba.

Doka da hular kwano

Babur yana buƙatar lamba, da lasisin tuƙi na rukunin A, da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Lasisin mota ba ya maye gurbin na babur. Dokokin jihohi kuma sun sha bamban, suna sauyawa da yanayin tsaro: wata ta hana goyo, wata ta hana hawa da dare, wata ta ware ƙananan hukumomi. A 2019 rundunar soja ta hana amfani da babur a dazuzzukan jihohin Arewa maso Yamma. Mai niyyar saye ya fara tabbatar da abin da ke aiki a garinsa da garuruwan da zai ratsa, domin babur mai doguwar kujera ba shi da amfani ga wanda doka ta hana ɗaukar kowa. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan hane-hane an kafa su ne a matsayin matakin gaggawa, amma suka zauna shekaru ba tare da an samar da wadatacciyar sufurin gwamnati a madadinsu ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma har yanzu ana tuna yadda wasu 'yan achaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don guje wa kamu. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, ta rage na raunin kai da kashi 69. Sharaɗin shi ne ta dace da kai kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Hular 'yan gini ba ta wannan aiki, kuma wadda ta taɓa buguwa da ƙasa da ƙarfi a sauya ta, domin soson cikinta ya riga ya matse. Kuɗinta da na takalmi mai rufe ƙafa suna cikin kuɗin babur, a ware su tun farko. Bakin babbar riga ko mayafin wadda aka goya yana iya shiga sarƙa ko tayar baya, sai a tattare shi kafin a tashi.

Kwanakin farko na fili ne, irin filin makaranta ko na idi da sassafe, inda za a maimaita tsayawar gaggawa da burki biyu da juyawa a hankali har hannu ya dawo. Goyon iyali sai bayan makonni, saboda nauyin mutum na biyu yana ƙara nisan tsayawa, yana kuma sauya yadda babur ke kwanciya a kwana.