RANAR DA KOGI YA CANZA HALI, WAYE YA KOYA MANA SABON AIKI?

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Jiya a majalisa wani abokina ma'aikacin gwamnati ya ce wai a wannan matsin da ake ciki, maganar tura ma'aikata kwas ko bita ɓarnar kuɗi ce, a bari sai ƙura ta lafa. Na ce masa, Malam, ai tarihin fadamarmu ta Kirikasamma ma kaɗai ya isa ya ba ka amsa.

Kafin 1974, kogin Haɗeja yana da lokacinsa da kowa ya sani. Ruwa ya cika fadama da damina, a noma shinkafa, masunta su samu kifi, in ya janye a shuka wake, Fulani su sauko da shanu. Mai lambu kuma jigo ne injinsa. Ilimin nan gado ne, ɗa yana ɗauka wurin ubansa ba tare da allo ko alli ba.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Fari ya afka wa ƙasar nan a farkon shekarun 1970, sannan aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga baya aka ƙara da na Challawa a 1992. Ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta ragu, lokacin zuwan ruwa ya rikice. Manomin da ya shekara arba'in yana karanta kogi ya wayi gari lissafinsa ba ya ci.

A cikin wannan ruɗanin ne, farkon shekarun 1980, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, hukumar KNARDA ta fara aiki da tallafin Bankin Duniya. Abin da mutane suka fi tunawa shi ne injin ban ruwa da taki. Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsarin aikin malaman gona na lokacin an gina shi ne a kan horo da ziyara: duk bayan mako biyu malamin gona zai koma a koyar da shi abin da ya dace da makonni biyun da ke tafe, sannan ya zagaya manomansa a ranakun da aka tsayar. Masu koyar da su ma suna zama da masana daga cibiyoyin bincike irin ta Samaru. Wato malamin kansa ɗalibi ne, kuma yana koyo ne yana kan aiki, ba a jira an samu kwanciyar hankali ba.

Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman alkama ya bunƙasa a yankin Haɗeja. Inji ya ture jigo. To inji fa ba jigo ba ne da za ka ɗaure da igiya in ya karye. Dole aka samu masu koyon haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadama, dole bakanike ya koyi kwance injin ruwa, yaransa na gefe suna miƙo sifana suna kallo. Shirin Fadama na farko a shekarun 1990 ya zo ya tarar da waɗannan hannuwan a ƙasa, ya ɗora a kai.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Yana cin kuɗi sosai, kuma saƙo daga sama yake saukowa, ba a cika tambayar manomi abin da ya gani ba. Da kuɗin Bankin Duniya ya janye, horon nan na mako bibbiyu yana cikin abin da ya fara yin rauni. Babur ya tsufa, malamai suka yi ritaya, waɗanda suka gaje su ba su kai yawansu ba.

Kogi kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Sakin ruwa daga dam har da rani ya ba kacalla damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya karkata ta Marma ya shanye gonaki, jan-baki ya samu wurin kwana. Mutanenmu da gayya suka koyi yanke ta da yashe magudanai, kafin a ga injinan yanka. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma duk mun gani da idonmu.

Yanzu ga wani sabon juyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manoma suka fara mayar da injinansu zuwa gas, masu hali suka koma sola. Wa ya koya musu? Yawanci bakaniken bakin kasuwa ne da bidiyon waya. Abin a yaba ne, amma tukunyar gas a gefen inji mai zafi ba abin wasa ba ce, kuma sola in ta lalace sau da yawa sai an nemo mai gyara daga nesa, shuka na ƙishi.

Shi ya sa nake kira ga JARDA da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin manoma: a dawo da zaman koyo na malaman gona a kai a kai, ko da a ƙarƙashin bishiya ne. A haɗa da bakanikai da matasa masu haɗa sola. A gayyato tsofaffin malaman KNARDA da suka rage, tun suna da ƙarfi, su zauna da na yanzu. Kuma wannan karon a saurari manomi da masunci, don su suke kwana da kogin.

Abokina ya ce a jira ƙura ta lafa. Shekara hamsin ke nan tun Tiga, fadamar nan ba ta ga lafawar ƙura ba.

Duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi aikin malamin gona a wancan zamani, don Allah ya ba mu labari. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka.