Abdulkarim Bajamushe da Birnin Kano

Ranar 2 ga Fabrairun 1851, da yamma lis, wani Bature ya shigo birnin Kano, ya biyo hanyar Katsina. Sunansa Heinrich Barth, haifaffen Hambag ta ƙasar Jamus, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da wasu Turawa biyu, Richardson da Overweg, waɗanda duka ƙasar Barno ta zama makwancinsu. Shi kuwa ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, da wannan suna aka san shi daga Agadas har Tumbuktu. Ya shafe sama da shekara biyar yana yawo, ya ga Kukawa da Yola da Sakkwato da Gwandu. Amma wanda ya karanta littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, zai ga babu birnin da alƙalaminsa ya saki jiki a kansa kamar Kano.

Abin mamaki, ba daɗi ya sha a garin ba. Ya iso aljihu wayam, ga bashi ya yi masa katutu, masu binsa na sallama a ƙofa. Wakilin da aka damƙa wa hajarsa bai tsinana masa komai ba, hajar ma ta ƙi kasuwa. An sauke shi a wani ɗaki mai duhu a unguwar Dala, ba shi da izinin yawo sai ya gana da Sarki, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. A cikin wannan hali ya cika shekara 30 da haihuwa. Sai da ya yi fiye da mako biyu kafin a kai shi gaban Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo da ƙaninsa Galadima Abdullahi, wanda ya gaji sarautar daga baya. Kyautar kuɗin wuri da fada ta aiko masa ce ta rage masa bashi har ya sami raƙuman tafiya Barno.

Wani Baturen ya riga shi. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya caɓa ado da kayansa na sojan ruwa yana zaton gari zai tsaya kallo. Kowa ya ci gaba da cinikinsa, shi kuma ya rubuta cewa birnin bai kai yadda Larabawa suka zuzuta masa ba. Gari ɗaya, ido biyu. Bambancin, a ganina, shi ne Barth yana jin Hausa. Ya koye ta tun a Azbin wajen Buzayen da ya biyo ayarinsu na gishiri, ga Larabci a bakinsa tun kafin ya baro gida. Wanda ke iya tambayar dillali farashi da bakinsa ba zai ga kasuwa kamar wanda ke jiran tafinta ba.

Da jiki ya yi sauƙi ya hau Dutsen Dala ya zana birnin daga sama, sannan ya hau doki ya ratsa unguwanni. Abin da ya kwaso a wannan zagaye yana cikin mafi daɗin karatu a littafin gaba ɗaya: rumfuna cike da kayan gida da na waje, attajiri cikin alharini a kan ingarma, makaho yana laluben hanya, uwargida tana kaɗi a tsakar gida ƙarƙashin inuwar gwanda, maƙeri a bakin maƙera, marina sun duƙufa a kan karofi. Ya kiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake ke sauka, suna iya ninkawa.

Tufafi ne suka fi ɗauke masa hankali. Auduga ta ƙasar, baba na ƙasar, masaƙa da marina da mabuga duk 'yan ƙasar, amma rigar da suka haɗa da turkudi da rawani suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, ta yamma kuma har Tumbuktu da gaɓar tekun Atilantika. Ya lissafa abin da Kano ke samu a kan tufafi kaɗai bai gaza wuri miliyan 300 a shekara ba, a zamanin da wuri 2,500 ke daidai da dala ɗaya ta azurfa, iyali guda kuma na iya rayuwa shekara cur cikin rufin asiri da wuri 50,000 zuwa 60,000. Har harajin marina bai bari ba: wuri 700 kan kowane karofi, ga karofi sama da 2,000 a cikin birni. Ya bi sawun takalman dukawa da ake kai wa Larabawa, da goron Gwanja, da kanwar Barno da ke ratsawa zuwa Nufe. Ya kuma lissafa abin da raƙuma ke saukewa daga Turai: akoko daga Mancesta, allurai da ruwan takubba daga ƙasarsu Jamus, duwatsun ado daga Italiya, sukari da takarda.

A nan ne asirin ƙaunar tasa yake. Barth ya fito daga Turai ta zamanin manyan masana'antu, ya san yadda suka mayar da leburori, mata da yara, kamar dabbobin aiki. Da ya tarar da ƙasar da ke tufatar da rabin Sahara alhali masaƙi yana zaune a ƙofar gidansa, ga gonarsa ga iyalinsa, sai ya yanke hukunci cewa Kano na cikin ƙasashen da suka fi dacewa a duniya, muddin sarkinta na iya kare talakawansa daga kwaɗayin maƙwabta.

Masu son kafa hujja da wannan yabo sukan tsaya a nan. Shi bai tsaya ba. Ya yi tir da ƙazantar Jakara da kududdufan da ke haifar da zazzaɓi a tsakiyar gari. Ya bayyana rumfar bayi a kasuwa, mutane a jere cikin yunwa da tsiraici suna jiran mai saye, ya kiyasta kusan 5,000 ake fitarwa duk shekara, ban da waɗanda ake riƙewa a gidaje da gandaye. Wani kaso na arzikin da ya burge shi guminsu ne. Kanawa kuma su yi haƙuri da wannan: duk da wahalar da Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya ba shi kan kyaututtuka, Katsinawa ya bai wa kambun iya Hausa da ladabin zama, ko da yake ya tarar kasuwarsu ta riga ta koma Kano bayan jihadi.

Ya bar Kano a Maris na 1851. Bai sake ganinta ba sai Oktoban 1854, a hanyarsa ta dawowa daga Tumbuktu, inda ya ga tufafin Kano da idonsa a kasuwa. Wannan karon ma da talauci ya shigo. Labari ya bazu cewa ya mutu, kuɗin da yake sa rai babu su, dole ya ci bashi wajen 'yan kasuwar Gadamas da sharaɗin biyan ninki. Sau biyu Kano ta tatse shi, amma ko kaɗan hakan bai rage mata daraja a rubutunsa ba.

Kada a manta wanda ya biya kuɗin tafiyar. Ingila na neman hanyar kasuwanci ne, lissafin Barth kuwa ya nuna mata inda kasuwar take. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Lugga suka fasa ganuwar Kano. Barth bai ga wannan ba, ya rasu a Balin a 1865 yana da shekara 44.

Marinar Ƙofar Mata tana nan har gobe, sai dai ramukan da ake rini a cikinsu 'yan kaɗan ne. Masaƙun zamani da aka kafa a Bompai da Sharaɗa da Challawa yawancinsu sun rufe. Akasarin yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari yau daga ƙasar Sin ake shigo da shi.