Daga Kajin Java zuwa Ma'aunin Madarumfa: Wa ke Shaidar Abinci?

A kasuwanninmu ba a rasa gwangwani ko ƙunshin gari da aka rubuta masa cewa yana ƙara jini ko yana gina jiki. Mai karatu zai so ya san a jikin wa aka tabbatar da wannan magana. Shekaru da dama, amsar ita ce jikin dabba.

Wajen 1890, a tsibirin Java, wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa wadda aka surfe suna shanyewar ƙafafu, kuma suna warkewa idan an mayar musu da dusar. Wannan lura na cikin abin da ya kai ga gano bitamin, kuma ta ba shi kyautar Nobel a 1929. A 1919 masana a Amurka suka tsara hanyar auna ingancin furotin ta duba ƙibar da ƴaƴan ɓera ke yi. Sai dai ɓera yana girma da sauri, ga gashi ya rufe shi, saboda haka buƙatarsa ta bambanta da ta ɗan Adam. Ma'aunin ya rage darajar dangin wake, abincin talaka. A 1989 masanan hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar wani ma'auni da ya dogara da buƙatar jikin mutum.

Tausayin dabba ma ya shigo cikin zancen. A 1959 Russell da Burch, ƴan Ingila, suka yi kira da a musanya dabbobin gwaji da wasu hanyoyi, a rage yawansu, a sassauta musu azaba. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2006 kan iƙirarin lafiya da ake rubutawa a jikin abinci, kuma hukumar da ke tantancewa tana neman shaida daga mutane. A 2021 Taiwan ta soke gwajin da ake tilasta wa ɓeraye iyo ko gudu har su galabaita don a ce abinci yana maganin gajiya.

Jihar Maraɗi tana da nata babi a wannan tarihi. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a Nijar, akasarinsu a gida, da Plumpy'nut, kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A 2006 aka bi yara fiye da 3,500 a ƙauyuka 12 na jihar: waɗanda aka ba ƙunshi ɗaya kullum na wata 3 sun fi sauran tsira daga rama. Tsakanin 2012 da 2013, a cibiyoyin lafiya 4 na gundumar Madarumfa, aka gwada ko ƙara maganin amoxicillin ga yaran da tamowarsu ba ta haɗu da wata cuta ba yana ƙara yawan masu warkewa. Bai ƙara ba. Babu ɓeran da zai iya ba da wannan amsa. Sikeli da tef ɗin awon dantse ne suka ba da ita.

Amma idan an saki dabba, nauyin ya koma kan ɗan mutum. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, da shari'ar da ta biyo baya, ya ishe mu darasi. Wajibi ne a yi wa uwa bayani da harshenta, ta yarda da son ranta, kuma ta san ƙin yarda ba zai hana a yi wa ɗanta magani ba. A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke da aiki: su koya wa ɗalibai da iyaye tambayar wa aka gwada, su nawa ne, kuma wa ya ba da izini.